Ranar da Na Saukar da Ruwa a Kan Gyaɗar Malam Idi

Ba zan taɓa mantawa da kakar da na zama abin dariya a ƙasar Tasawa ba. Shekara biyu bayan samun 'yancin kai, aka turo ni ma'aikacin jinya a ƙaramar likita, wato ɗan asibitin wani ƙauye, ina ji da kaina kamar ni na haifi boko. A Yamai wani lokotoro Bature, wato dakta, ya koya mana yadda ake kwantar da maras lafiya da magana kawai, har ya shiga wani irin gyangyaɗi ya daina jin zafi sosai. (Sau biyu na gani, amma a raina na riga na zama gwani.)

Ran kasuwa aka kawo Malam Idi, manomin gyaɗa, wadda a can ake kira gujiya, da ƙaton maruru a cinya. Dole a tsaga, ga maganin kashe zafi ya ƙare, ga shi da tsoron wuƙa. Na ce ya kwantar da hankalinsa, yau zai ga ilimi.

Baturen nan da bakin teku yake lallashin mutanensa. Na ce wa Malam Idi ya ɗauka yana kwance a bakin teku, sai ya buɗe ido ɗaya ya tambaye ni ko wane ƙauye ne Teku. Na ji haushi, amma dabara ta faɗo mini: me Bahaushe ke so ya wuce ruwan sama? Na sassauta murya, na ce hadari ya haɗu, iska mai sanyi na kaɗawa, ga ƙamshin ƙasa. Wallahi abin ya ci. Numfashinsa ya yi nauyi, hannuwansa suka saki. Na ɗauki wuƙa ina cewa yayyafi ya fara sauka a gonarsa.

Na manta shaf cewa kaka ce, kowa ya tone gyaɗarsa ya shanya.

Sai ji na yi an ture ni. Malam Idi ya yi waje, wando a hannu, yana ɗingishi yana ihu: "Ku kwashe gujiyata, ruwa ya taho!" Rana kuwa ƙwal, ko gajimare babu. Na bi shi da wuƙa a hannu ina roƙo, 'yan kasuwa suka dare, wata tsohuwa tana salati. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari ƙaninsa ya riƙe shi aka tsaga, yana zagina har aka gama, kuma ban ga laifinsa ba. Tun daga ranar, kafin in kwantar wa mutum da hankali, sai na fara tambayarsa abin da ya shanya.