Mil Biyar

Shekarar da aka fara koya wa yara mita da lita, ni ne malamin lissafi a wata firamare a Bungudu, kuma ina ji da kaina. Ɗiyata Hadiza, mai shekara uku, ta kamu da tari, na kai ta asibiti a Gusau. Malamin asibiti ya miƙo kwalba ya ce, "Mil biyar, sau uku a yini." Ya fara bayani, na katse shi. Ni za a koya wa awo?

A gida uwarta ta tambaya, "Malam, mil biyar ɗin cokali nawa ne?"

"Biyar mana. Bar lissafi ga masu shi."

Na ɗura wa yarinya cokali biyar, kuma da cokalin cin shinkafa. Kafin azahar Hadiza ta yi laushi, ana kiranta tana buɗe ido da ƙyar. Uwarta ta kafe ni da ido. Na saɓa yarinyar na tari mota muka koma asibitin, ina karanto duk addu'ar da na sani.

Malamin asibitin ya duba ta, ya dubi kwalbar. "Ƙaramin cokali ɗaya ne mil biyar, Malam." Suka riƙe ta sai da ta farka tana neman fura.

Direban da ya kai mu ne ya baza labarin. Har yau in na shiga tasha, sai wani ya gaishe ni cikin ladabi ya ce, "Malam, daga nan zuwa Tsafe cokali nawa ne?"