Wa Zai Wanke Yaran Bos?

"Wushe, wushe, amaryata! Har yanzu kina nan, ba ki bar mana ɗakin ba?"

"Lale da mijin da ba cefane. In na tafi wa zai aure ka da wannan ƙeyar?"

Iya Turai ke nan da jikanta Ajimi, da hantsi, a tsakar gidansu na Lamisula. Shekarar da aka katse layin waya ce, wayoyin gari duk sun koma akwatin kallo. Ta aike shi Gamboru a tura mata karatun Alƙur'ani a memorin waya, ga shi ya dawo. Amma tun shigowarsa idonta na kan ƙugunsa, inda riga ta ɗan tasa. Ta san wuƙa ce. Ta kuma ji abin da ya ji: mutumin da ya nuna wa 'yan bindiga shagon yayansa Mikail, suka kashe shi, ya dawo gari, an gan shi a Gomari.

"Ina karatuna?"

"Yana ciki. Tsaya tukuna ki ga maza, ke da ba ki taɓa auren jarumi ba."

"Kakanka da sanda ɗaya ya kori kura!"

"Ke dai kurar ta hango ta gudu."

Ya danna mata fim ɗin Indiya mai fassara. An kashe wa jarumi ɗan'uwa, ya ɗaura ɗamarar ramuwa, ya faɗa gidan bos shi kaɗai. Wallahi ita kanta Iya sai da ta saki baki. Naushi ɗaya, ƙato ya tashi sama ya fasa bango! Harsashi na zuba, mutumin nan tafiya kawai yake kamar mai zuwa ɗaurin aure.

"La'ilaha illallahu! Wannan mutum ne ko aljani?"

"Namiji ke nan, tsohuwa! Haka ake rama jini."

Carbinta take ja, duk wanda ya faɗi ta ja ƙwaya ɗaya, har jarumi ya gama ya juya baya, wuta na ci a bayansa.

"Arba'in da ɗaya," in ji ta. "To, mayar min baya, ka tsallake wurin wanka."

"Wane wanka?"

"Wankan gawa mana, sakarai! Wa ya wanke su? Wa ya yanka likkafani arba'in da ɗaya? Ina iyayensu mata?"

"Haba Iya, yaran bos ne fa, ba su da kowa."

"Au, daga ƙasa suka tsiro kamar rogo?"

Ya buɗe baki zai yi dariya, ta riga shi.

"Shekara talatin ina wanke matan unguwar nan, ban taɓa ganin gawar da ba ta da mai kuka ba. Ranar da aka kawo Mikail, ni na ɗora wa maza ruwan wankansa. Mutum ɗaya tak, Ajimi, tukunya uku ba ta isa ba. Wannan naka ya kashe arba'in, ko maɓallin rigarsa bai ɓalle ba. In ka je Gomari, ko uwar mutumin nan ta ɗora ruwa, ko ni in sake ɗorawa. Ni kuwa na gaji, wallahi na gaji."

Ajimi ya zuba wa hannuwanta ido, 'yan ƙanana, duk jijiya, kamar yau ya fara ganinsu. Ita kuwa ba ta san inda zai faɗa ba.

"Kuma ma," ta ce, "kai da ka sume ranar Layya don ka ga jinin rago?"

"Zazzaɓi ne ya kayar da ni!"

"Zazzaɓi mai ƙaho biyu."

Dariya ta ƙwace masa, hawaye na bin ta. Ya daɗe a tsugune. Can ya sa hannu a ƙugu, ya zaro wuƙar da kubenta, ya ajiye a gabanta.

"Ga toshi, amarya. Na ga taki ta dakushe."

"Shekara ashirin da biyu da aure, sai yau na ga toshi! Miƙo min kwandon kuɓewar can."

Ta fara yanka.

"Tana ci?"

"Tana ci. Zauna nan inda nake ganinka, sai tuwo ya nuna."