Wa Ya Ɗauke Fankar Murjani?

"Lafiya lau, amarya, tunda sai yanzu kika tuna akwai mai gida a gidan."

Tsoho ne ya faɗa daga kan kujerarsa, yana hararar jikarsa, ma'aikaciyar jinya, wadda ta shigo ko jaka ba ta ajiye ba, ta jefo masa gaisuwa a tsaitsaye, ta zarce kusurwar falo. Nan akwatin gilashinta yake, cike da ruwan gishiri, da ɗan kifi mai ratsi, da murjani mai rai irin na teku a ciki, mai rassa kamar ƙahon barewa. A da murjanin ja ne jawur. Kwanan nan ya soma fari daga kan rassa, ta kuma ce in farin ya sauko gindi, shi ke nan ya mutu.

"Yi haƙuri, angona, bari in duba majinyacina."

"Majinyaci? Dutsen? Ni da gwiwata ke kuka kamar tsohuwar ƙofa fa?"

"Tun ina goye gwiwarka ke kuka. Mun saba."

"Shi an saya masa fitila shuɗiya, ana auna masa gishiri da cokali. Ni kuwa gishirin ma an hana ni!"

"Shi gishiri ke raya shi. Kai in na ba ka, sai dai mu haɗu a wurin aikina."

"Saurayin banza, ba baki ba hannu. Ya taɓa ce miki kin yi kyau?"

"Bai dai taɓa aikena neman haƙoransa a ƙarƙashin gado ba."

Ta sunkuya ta duba ma'aunin zafi, sai dariyarta ta ɗauke. Ta tsoma yatsa, ruwan ɗumi. Ta kai hannu bakin gilashin, inda 'yar fankar da ke hura saman ruwa take maƙale. Wayam.

"Tsoho, ina fankar?"

Tsoho ya ɗaga kai yana nazarin rufin ɗaki kamar yau ya fara ganinsa.

"Wace fanka? Ƙila kifin nan mai ratsi ya haɗiye ta. Tun ranar da ya zo ban yarda da idonsa ba."

Ta leƙa ɗakinsa. Ga fankar can maƙale a kan gado, ta fuskanci matashi.

"Kai! Ashe kai ke dafa min shi! Zafi ne ke sa shi fari, ba ka sani ba?"

Ya kama gemunsa ya miƙo mata. "Wannan fa? Tun kafin a haifi babanki nake fari, wa ya taɓa kafa mini fanka?"

Ta juya ta bar shi riƙe da gemu. Ta tsaya gaban gilashin, ta ƙura wa fararen rassan ido. Tsoho ya tuna ranar da ta kawo abin, ɗan guntu bai fi yatsa ba, tana tafe tana lallaɓa shi kada ruwan ya girgiza. Wasa wasa ne, amma bai taɓa son ganin idonta ya kawo ruwa ba.

Ya miƙe, gwiwa na kuka, ya ɗauko fankar. Ya biya ta firji ya zaro gorar ruwansa da ta daskare, wadda ba mai taɓa ta a gidan.

"Ungo. Jefa masa, ya sha sanyi. Kada a ce na kayar da abokin takara yana kwance."

Ta ɗauraye gorar, ta sa ta tana yawo a saman ruwan, ta maƙala fanka. Sannan ta jawo kujerarsa har jikin gilashin.

"Daga yau kai ne mai jinya. In ma'aunin ya haye jan layin nan, ka kira ni."

"Wato ni zan yi gadin wanda ya ƙwace mini mata?"

"Kai. Miƙo hannu in auna jininka."

Ya miƙa yana ƙyaƙyata dariya, ya dubi murjanin.

"Ka ga ni, ɗan dutse? Ni ake riƙe wa hannu. Amarya, karkato fankar nan kaɗan, a raba mana."