Alkafura Dubu Huɗu

Tun ranar da likita ya auna jinin Alhaji Mamuda ya girgiza kai, jin daɗi ya ƙaura daga gidansa da ke Tudun Wadan Zariya. Likita ya ce tafiya a ƙasa kullum, taku dubu biyar. Matarsa Hajiya Tasalla ta ɗora nata sharaɗin: duk makon da takun bai cika ba, farfesun kayan cikin da take yi masa ranar Juma'a sai dai ya ji ƙamshi. Alhaji kuwa mutum ne da ko masallacin ƙofar gida zai je sai ya waiwayi babur.

Da farko abin bai dame shi ba, tunda ba mai ƙirgawa. Sai ga Zulai, 'yar ƙanensa mai karatun injiniya a jami'a, ta zo da aikinta na kammala karatu. Wata 'yar na'ura ce mai jin motsi, ta haɗa ta a madauri kamar agogo, tana neman wanda za ta gwada a jikinsa.

"Baffa, ka ga ɗan baƙin abin nan? Bai kai ƙwayar shinkafa ba. Da silikon ake yin sa, irinsa ne a waya yake juya hoto in ka kwantar da ita. A cikinsa akwai wani ɗan sili da ya fi gashi siranta, kullum karkarwa yake. Da ka juya, sai karkarwar ta karkata, shi kuma ya rubuta. Taku ma yana ƙirgawa."

Duk bayanin nan, ƙarshensa kawai Alhaji ya ji. Ya miƙa hannu yana "Madalla da Injiniya," a ransa kuwa cewa yake, yo ƙwayar shinkafa ce za ta raba ni da farfesu?

Bayan azahar ya fita da sanda, yana taku ɗai-ɗai kamar mai zuwa Kaduna a ƙasa. Yana shan kwana ya faɗa shagon abokinsa Sallau tela, mai keken ɗinki na ƙafa, wanda ankon biki ya yi wa yawa.

"Sallau, ɗaura min abin nan a jikin kekenka."

"A kan feda, Alhaji? Ita ce ke yi kamar taku."

"Feda? Ai wannan tafiyar tsofaffi ce. Ɗaura a wili, abin nan mai juyawa, ya fi gudu!"

Aka ɗaura a wili. Sallau na ɗinki, Alhaji na kan benci yana ɓarar gyaɗa. Da la'asar ya karɓi abinsa, ya yayyafa ruwa a goshi, ya koma gida yana ɗingishi da "Wash, gwiwata!" Kwana huɗu ana haka, har Hajiya ta fara tausaya masa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ƙamshin farfesu ya cika tsakar gida. Alhaji ya wanke hannu tun kafin a kira shi. Hajiya na tsaye da ludayi, Zulai ta jona na'urar da kwamfutarta. Ta duba, ta goge tabarau, ta sake dubawa.

"Baffa, lafiyarka ƙalau kuwa? Ba ka jin jiri?"

"Jirin me? Karanto mata lissafi, Injiniya, ta ji aikin maza."

"To, taku dai ɗari da tamanin ne, zuwa da dawowa. Amma na'ura ta ce jiya kaɗai, tsakanin azahar da la'asar, ka yi alkafura dubu huɗu da ɗari biyu. Kai a ƙasa, ƙafa a sama, duk ɓangare ɗaya."



"Kuma abin da ya ɗaure min kai," in ji Zulai, tana danne dariya, "kana cikin yi sai ka tsaya cak, kamar mai canja zare, sannan ka ci gaba."

Alhaji ya dubi tukunya, ya dubi ludayi. Ya ga in ya ja da baya yanzu, farfesu ya tafi ke nan. Sai ya gyara zaman hula, ya murtuke fuska.

"To sai me? Likita motsa jiki ya ce. Laifi ne don mutum ya ƙara da himma? Ku mata ba ku san abin da namiji ke yi a waje ba!"

Hajiya Tasalla ta mayar da murfin tukunya, ta shiga ɗaki ta ɗauko tabarma, ta shimfiɗa a tsakar gida, har da kaɗe mata ƙura.

"Bismillah, Alhaji. Na yafe maka dubu huɗun. Yi min guda ɗaya tal, in zubo maka har da ƙari."