Ranar da Na Ceci Yaya Rakiya Daga Maganinta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo lefen Fasuma ba, ko da na so in manta, don har yau dangi ba su bar ni na huta ba.

Fasuma ɗiyar yayata ce, Yaya Rakiya, wadda ke aure a Belbeji. Ni kuwa malamar makaranta ce a wajen Falanko, sai hutu ko wata hidima ke kai ni gidanta. Yaya tana da wani ciwo da ya daɗe yana wasan ɓuya da ita. Yau ƙafa ta yi nauyi, gobe ido ɗaya ya yi hazo, jibi ta tashi garau kamar ba ita ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an ce iska ce, an ce sammu ne, kafin wani likita a Yamai ya sa ta cikin na'ura ya ce sunan ciwon sikileros an filak. Wai garkuwar jiki ce ke kuskure, tana cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyi. Ba a warkewa, amma ana lallaɓa shi da magani a rayu da shi.

Da maganar auren Fasuma ta taso, sai hankalin dangi ya tashi. Yaron da ke nemanta ɗan Tanut ne, mutumin kirki, kuma ya san komai, amma iyayensa mata ba su sani ba. Kun dai san halin mutane. Da sun ji ciwon jijiya sai a ce gado ne, yarinyar ma za ta yi, a kwashi lefe a koma da shi. Yaya ta ce gara a faɗa masu gaskiya tun da wuri. Ni ce na hau kujerar na-ƙi. Na tara mata da yaran gida na ja masu kunne, na ce duk wanda ya kuskura ya ambaci ciwo gaban baƙi, ni da shi ne. Har sandar da Yaya take dogarawa na tura ƙarƙashin gado. Ta dube ni ta ce, "Ni dai na gaji, Allah ya sani." Na ɗauki maganar na ajiye a raina.

(A nan sai in faɗa maku wani abu game da ni. Na taɓa yin ɗan horon agajin gaggawa, irin wanda ake yi wa malamai, aka ba ni takarda mai hatimi. Tun daga lokacin ko tuntuɓe yaro ya yi a unguwa, ni ce babbar likita.)

Baƙi suka iso kafin azahar, mota cike da mata. Jagorarsu Hajiya Zara ce, gwaggon ango, mace mai irin kallon nan da ke gama binciken gida kafin ta cire takalmi. Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin rumfa, aka jera akwatuna, aka kawo babbar ƙwaryar fura da ta sha kindirmo. Komai na tafiya yadda na tsara, ina ta yaba kaina. Can sai Yaya ta miƙe a hankali, ta dafa bango ta shiga ɗaki. Da na ga ta jima sai na bi ta.

Ina ɗaga labule na gan ta zaune bakin gado da wata 'yar kwalba mai tsini, irin wadda ake zuƙo ruwan allura a ciki. Ta karya kan, ta ɗaga ta kai baki. To ni a ilimina, duk abin da ke cikin irin wannan kwalba a ɗuwawu yake shiga. Nan take kaina ya haɗa lissafi: mace ta ce ta gaji, ta shigo ɗaki ita kaɗai, tana shan ruwan allura. Ban tsaya tambaya ba. Na kai wa hannunta duka, kwalbar ta daki bango ta tarwatse, na ɗora hannu a ka na kurma ihu.

"Wayyo Allah! Jama'a ku kawo ɗauki! Yaya ta sha allura! Ciwon nan ya ishe ta, za ta kashe kanta!"

Na fita da gudu na sure ƙwaryar furar daga gaban baƙi (Hajiya Zara na riƙe da ludayi, haka na bar ta da shi a hannu), don na taɓa ji ana cewa nono na kashe guba. Mata suka biyo ni ɗuu, namu da nasu. Na tallafo kan Yaya ina cewa, "Sha! Sha ki amayar!" Abin da ya shiga bakinta bai kai cokali ba. Sauran ya bi wuyanta, ya wanke sabuwar shaddar da ta ɗinka don wannan rana.

Ta sa gefen mayafi ta share fuska. Ba ta ɗaga murya ba.

"Madam, kin gama?"

Ba ta kirana Madam sai in na yi abin kunya. Ta miƙo mini kwalin maganin ta ce, "Karanta wa baƙinmu, ke ce mai faransanci." Ga shi nan an rubuta ɓaro-ɓaro, sha ake yi ta baki. Na karanta da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba. Da ƙasa ta tsage a lokacin, wallahi da na shige ban waiwayo ba.

Sai Hajiya Zara ta yi tambayar da na kwashe makonni ina gudu.

"Wane ciwo ne ya ishe ta?"

Ta bayan labulen ƙuryar ɗaki na ji shessheƙar Fasuma. Ni da na hana kowa magana, ni ce na yi shela, har da ƙarin gishiri.

Yaya ta ce, "Ɗauko mini sandata inda kika ɓoye ta." Na durƙusa gaban surukai na jawo ta. Ta dogara ta miƙe tsaye, fura na ɗiga daga haɓarta, ta faɗa masu sunan ciwon da yadda yake mata, ba ragi ba ƙari.

"Wannan da kuka gani kuwa bitamin D ne. An ɗebi jinina aka yi analiz, wato awo, a Damagaram, aka ga ya yi ƙasa."

"Ba shi ne aka ce rana ke badawa ba?" in ji Hajiya. "A ƙasarmu ta Damargu wa ke rasa rana?"

"Ni, Hajiya. Zahi na kashe mini ƙafa, in na daɗe cikinsa ido ya rufe, shi ya sa na zama 'yar ɗaka. Lokotoron da ke duba ni ya ce ba shi ne maganin ciwon ba, amma masu irin ciwona ba a son ya yi masu ƙaranci. Kuma da ƙa'ida ake sha, ba da ka ba. In ya yi yawa ƙoda yake taɓawa, don haka in an jima sai a sake awo."

"Ana ɗauka? Gado ne?"

"Ba a ɗauka. Gado kuwa, na tambaya saboda Fasuma. Ya ce ba kamar amosanin jini ba ne, yawancin ɗiyan masu shi ba su yi. Amma bai rantse mini ba, ni ma ba ni rantse miki. In kun ga za ku koma da akwatunanku, ba ni riƙe ku a rai."

Na daɗe da sanin yayata, amma ranar ne na san ko wace ce. Mace ƙafarta na rawa, an kunyata ta gaban surukai, auren ɗiyarta na reto, ga ƙofar ƙarya a buɗe, ta ƙi shiga. Ni da ke da ƙafa biyu lafiyayyu ban taɓa tsayuwa irin wannan ba, kuma ban jin kunyar cewa hawaye suka zubo mini.

Hajiya Zara ta ajiye ludayin ta kamo hannun Yaya ta zaunar da ita.

"Zamna, 'yar'uwa. Da kun ɓoye muka ji a bakin duniya, da lefen nan bai kwana a Belbeji ba. Amma ɗiyar da wannan mata ta raina, ita muke so a gidanmu." Ta juyo gare ni. "Ke kuma Madam, ranar biki a ajiye ki nesa da nono."

Aka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki, wata ta rangaɗa guɗa. Kwalbar da na fasa ita ce ta ƙarshe, don haka washegari ni aka aika Damagaram sayo wata. Da na dawo na zauna ina kame-kamen ba ta haƙuri, sai Yaya ta katse ni.

"Bar shi, ƙanwata. Ciwon ina iyawa da shi. Ɓoyon ne ya kusa kayar da ni."

An yi biki lafiya, ta raka ɗiyarta har mota da sandarta a hannu, kowa na gani. Ni kuwa na koyi darasi: yanzu kafin in ceci ran mutum, sai na fara yi masa sallama, in tambaye shi ko yana bukatar ceto.