Badamasi Tafintan Jannat

"Ni ɗin nan da kuke gani, in na buɗe baki da Faransanci, su kansu 'yan Faransa sai sun roƙe ni in rage gudu."

Badamasi ke nan, mai gyaran injin ban-ruwa a bayan kasuwar kifi ta Haɗeja, ya hakimce a benci, hannu duk baƙin mai. Bari in gaya maka asalin wannan ilimi, aboki, kada ka ce na ɓoye maka. Shekara goma sha biyu da suka wuce ya raka wani maigidansa Damagaram sayen raguna. Kwana huɗu suka yi, uku daga ciki zazzaɓi ya kwantar da shi a ɗakin wani ɗan Gumel. Ya dawo da kalma huɗu cif: bonjur, saba, dusuma da wala. Tun daga ranar kunnen 'yan majalisa bai sake hutawa ba.

Ana nan sai ƙanensa Yunusa, wanda ke kasuwanci a Abijan, ya zo da 'yarsa Jannat. Shekararta bakwai, can aka haife ta, uwarta 'yar can ce, ko "zo" ba ta sani ba da Hausa. Ya kawo ta ne ta zauna wajen mahaifiyarsu, Iya Falmata, wadda ta shekara bakwai tana kallon jikar nan a hoton waya. Amma uwar yarinya ta kafa sharaɗi: in aka kira ranar Alhamis aka ji Jannat tana kuka, to a mayar mata da 'yarta. Shi kuwa Yunusa kaya na jiransa, dole ya kama hanya, kuma layinsa ba zai yi aiki ba sai ya isa.

"Damuwata makaranta ce, Yaya," in ji Yunusa. "Wa zai riƙa yi mata tafinta?"

Badamasi ya daki ƙirji. "Ina raye kake wannan tambaya?"

Yunusa ya ɗan jefa masa wata magana da Faransanci don ya gwada shi. Badamasi ya haɗe rai. "A gaban Iya? Mu yi yaren da ba ta ji? Ashe zaman waje ya cinye maka tarbiyya."

Yunusa ya ba da haƙuri, ya hau mota.

Ranar Litinin Badamasi ya rufe shago, alhali manoman shinkafa uku na jiran injinansu. Ya sa wata kwat da ya aro, ya ɗora tabarau, ya goya Jannat a babur zuwa wata makarantar kuɗi da ke unguwarsu. Yarinya ta riƙe jakarta gam, idanu sun yi rau-rau. Da suka shiga ofishin hedimasta, wani mai tumbi da ake kira Malam Ja'afaru, ta ɗan rusuna cikin ladabi ta ce, "Bonjur, mushe."

Hedimasta ya ajiye biro. "Wa take kira mushe?"

Ka ga, da Badamasi ya ce bai sani ba, da an wuce wurin. Amma ina! Ya gyara tabarau. "Ranka ya daɗe, ba da kai take ba. Cewa ta yi akwai mushe a ofishin nan. 'Ya'yan ƙasar waje hancinsu kamar na likita ne."

Nan da nan aka kira masinja da maigadi. Aka ja kabad, aka ɗaga kafet, aka zazzage durowa. Ko ƙadangare ba a samu ba. Abin da aka samu kawai ƙunshin bandar tarwaɗa ne da hedimasta ya ɓoye a bayan rajista don kada malamai su sa masa hannu.

"Wala!" in ji Badamasi. "Ban faɗa ba?"

Hedimasta ya haɗiye fushinsa tare da yawu, malamai suka raba kifi. Aka ba Badamasi kujera a bayan aji biyu, matsayin tafinta.

Ranar Talata rana ta buɗe sosai. Jannat na zaune ita kaɗai a ƙarshen benci, don yara sun ji labarin tana gano mushe, kowa na tsoron ta shinshine shi. Malama Aishatu na rubutu a allo, yarinya ba ta gane ko ɗigo. Can ta waiwayo, leɓe ya bushe, ta ce, "Tonton, dolo."

Ajin ya fashe da dariya. Malama ta juyo da alli a hannu. "Baffan naki kike kira dolo?"

"Jahilci dai ba kyau," in ji Badamasi, yana girgiza kai. "Malama, a Faransanci dolo shi ne shehin malami. Wanda ya ƙure karatu. A Damagaram haka ake kirana tun daga tasha har masauki."

"Wannan kam na yarda," in ji Malama.

Jannat ta sake cewa, "Dolo, dolo," tana nuna maƙogwaro.

"Kin gani? Cewa take ilimin ya zo mini har wuya." Ya juya gare ta, ya zuba mata nasa: "Saba, saba, dusuma, bonjur Damagaram."

Yarinya ta kalle shi, ta kifa kai a benci. Sai da aka tashi tara ta ga wata randa, ta ruga ta sha moɗa biyu a tsaye. Da yamma ta koma gida ta shige bayan ƙofa, ta ƙi cin tuwo. Iya Falmata ta zauna nesa da ita tana kallo, don duk abin da ta faɗa yarinyar ido kawai take zuba mata.

"Badamasi, anya yarinyar nan tana jin daɗin makarantar?"

"Iya, ai murna ce ta hana ta cin abinci. Haka Turawa suke."

Ranar Laraba aka yi ta ta ƙare. Da safe Badamasi ya tsaya a hanya ya saya wa Jannat ɗanwake, ya ce a zuba yaji sosai don ta saba da gida. Wajen ƙarfe takwas da rabi yarinya ta fara mutsu-mutsu a benci, ta riƙe ciki, gumi na tsattsafo mata.

"Tonton, kaka! Kaka!"

Badamasi ya miƙe tsaye kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. "Allahu akbar! Kun ji aikin tafinta? Kwana uku kacal ta fara Hausa. Kakarta take nema!"

Malama Aishatu ta dubi yarinyar da kyau. "Malam Badamasi, anya ba bayan gida take ji ba? Dubi yadda take matse ƙafa."

"Malama, ke kika je Faransa ko ni?"

"Kai ma ai Damagaram ka je."

"Duk gwamnati ɗaya ce. Kada a bar ta ta fita, kar ta ɓata. Yanzu zan kawo mata abin da take so."

Ya tashi babur ya bar ƙura. Ya tarar da Iya Falmata tana turara shinkafa a tsakar gida. Da ta ji jikarta na kiranta da baki, sai tsohuwa ta fashe da kukan daɗi. Ta bar tukunya a wuta, ta ɗauko lafayarta ta zuwa biki, ta fesa turare. Ita da ciwon gwiwa ya hana ta zuwa ko ta'aziyya, sai ga ta a bayan babur tana salati a kowane rami.

A can makaranta kuwa Jannat ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta kutsa ta ƙarƙashin hannun Malama ta yi waje da gudu tana kuka. A bakin ƙofa akwai wata dattijuwa mai suyar awara, Zainaba, 'yar Diffa ta Nijar ce da aure ya kawo Haɗeja shekara talatin da suka wuce, ta kuma yi makarantar bokon can har aji shida. Tana jin abin da yarinyar ke faɗa ta yar da matsami, ta suri hannunta, suka yi bayan ajujuwa a guje. Allah ya rufa asiri, sun isa a kan lokaci.

Ko da Badamasi ya dawo an fito tara, makaranta duk tana waje. Ga Jannat zaune kusa da kaskon awara, bakinta sai zuba yake kamar an kunna rediyo, yara sun kewaye ta suna kallo. Ya sauke tsohuwa, ya kamo hannunta, ya ratsa taro, ya nuna ta da hannu biyu.

"Jannat! Wala! Kaka!"

Yarinya ta dubi tsohuwa cikin lafaya, ta dubi Baffanta. Ta toshe baki. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba a taɓa ji daga gare ta ba tun da ta sauka a garin, har tana faɗuwa jikin Zainaba.

Iya Falmata ta ce, "Baiwar Allah, ke da kike jin yarenta, me ya ba ta dariya?"

Zainaba ta sunkuyar da kai. "Iya, da nauyi."

"Faɗi."

"A yarensu, in yaro ya ce kaka... kashi yake ji. Yanzu na dawo da ita daga bayan gida."

Iya Falmata ta juya a hankali ta fuskanci ɗanta. "Wato yarinya na jin kashi, ka rasa abin da za ka kawo mata duk faɗin Haɗeja sai ni?"

"Iya, wannan matar Faransancin ƙauye ta iya. Ni na birni..."

Hedimasta ya matso kusa da Zainaba. "Hajiya, mushe fa?"

"Malam ke nan. Gaishe ka ta yi."

Malam Ja'afaru ya tuna bandarsa, ya dafe tumbi. Malama Aishatu ta ce, "Dolo fa?"

"Ruwa take roƙo," in ji Zainaba. Ta ɗan kalli kwat ɗin Badamasi. "Amma ko da Hausa ta faɗa, ba ta yi kuskure ba."

Iya ta cire takalmi. "Sakarai! Ka bar mini jika da ƙishirwa! Sakarai!" Hedimasta ya ce, "Wallahi sakarai ne, Iya." Maigadi ma da ba a tambaye shi ba ya ce sakarai ne. Badamasi ya haye babur, babur ya ƙi tashi, ya tura shi da ƙafa har kwana. A keke mai ƙafa uku Iya ta koma, ta tarar shinkafa ta ƙone, ta ɗora faɗa daga inda ta tsaya har la'asar.

Zainaba ta gaya wa Jannat abin da kaka ke nufi a Hausa, yarinya ta je ta rungume tsohuwa, amma ta ce ita Iya za ta riƙa kiranta. Aka matsar da bencinta kusa da taga, inda mai awara za ta jiyo ta. Ranar Alhamis da uwarta ta kira, Jannat ta yi kusan awa tana ba ta labari tana ƙyalƙyala dariya. Maganar komawa Abijan ta mutu.

Ranar Juma'a da safe Badamasi na majalisa, ba kwat ba tabarau, yana bayyana wa mutane cewa Faransanci kashi bakwai ne, shi na ukun ya karanta. Sai ga Jannat ta fito cikin kayan makaranta, Iya na riƙe da hannunta. Kwana biyu yarinya ta kasa kunne ta ji sunan da kowa ke kiran Baffanta da shi, ga kuma gaisuwa an koya mata. Ta zo gabansa, ta durƙusa har ƙasa, ta ce da murya mai daɗi:

"Ina kwana, Sakarai."

Masu shan shayi suka ƙware. Badamasi ya ɗaga yatsa. "To, ai a Faransanci wannan kalmar..."

"A'a," in ji Iya Falmata. "Wannan Hausa ce. Kuma ta iya."