Mami Ta Ce Ka Rage

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Waƙoƙi na Cangrejo Azul, mai ofis a hawan ƙarshe a Miami, tare da manyan da ke zama a gefensa idan za a yanke shawara.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace daga ƙaramar ɗaliba zuwa ga babban mutum, ina fatan kana lafiya, iyalinka suna lafiya, kasuwa kuma tana tafiya yadda ake so. Sunana Yarelis Quiñones Pizarro, ina aji na sha ɗaya a makarantar sakandare a Carolina, Puerto Rico. Ba ka san fuskata ba, amma ka san muryata. Ni ce ƙanwar mawaƙinku na salon kiɗan regeton, Jota Brava, wanda a gida muke kira Joniel. Ni ce yarinyar da ke cewa "Joniel, Mami ta ce ka rage" a farkon kowace waƙarsa, kafin ganga ta shigo.

Ina neman afuwa da na rubuto a fili inda kowa zai karanta. Na gwada hanyar da ta fi ladabi, wato na buga wayar ofishinku. Sai dai duk lokacin da aka ɗauka aka ce "Da wa nake magana?" tambayar takan yi mini nauyi in kashe. Idan mai amsa wayarku ta kawo ƙarar wani da ke kira yana numfashi kawai, ni ce, kuma ba da mugun nufi ba.

A makon jiya ma'aikaciyarku Malama Brenda ta kira Mami ta sanar da ita abu biyu. Na farko, daga sabon faifan da zai fito za a cire muryata, a sa ta wata ƙwararriya da za ta faɗi sunansa cikin raɗa da Turanci, domin kasuwa ta faɗaɗa. Na biyu, ana gayyatata in hau dandamali a babban wasan da zai yi a San Juan, babban birninmu, in faɗi maganar da bakina karo na ƙarshe, jama'a su yi bankwana da ita. Ta ce tana jiran amsa kafin ƙarshen wata. Ga amsar, amma malamarmu ta koya mana cewa ana jera hujjoji kafin a kai ga buƙata, don haka ka yi haƙuri da ni.

Ka fi ni sanin cewa kowane mawaƙi a wannan sana'a yana da tambarinsa na murya da ake ji kafin waƙa ta fara, don a san ta wane ce. Wani rurin zaki ne, wani ƙarar tayar da mota, wani mace ce mai murya kamar ta tashi daga barci. Namu ga yadda aka same shi. Ina da shekara sha ɗaya, Joniel yana aikin faci da rana, da yamma kuma ya shiga kabad ɗin kayan Mami ya ja ƙofa, domin rigunan zuwa coci suna shanye amon ɗaki. Abokinsa Wiso yana zaune a kan gado da kwamfuta. Mami tana soya ayaba, kiɗa ya ishe ta, ta aike ni. Na je na isar da saƙo kamar yadda aka ba ni. Daga cikin kabad Joniel ya yi 'yar dariya ya ce, "To, Yare, na ji." Wiso ya cire abin kunnensa ya ce, "Ɗan'uwa, in ka goge wannan na daina aiki da kai." Abin da ya faru ke nan. Yanzu ga ƙorafe-ƙorafena.

Na ɗaya. Zan so in ce ba a nemi izinina ba, amma Mami ba ta yi mini tarbiyyar ƙarya ba. An nema. Joniel ya leƙo kicin ya ce, "Yare, ba damuwa ko?" Bakina cike da ayaba, na gyaɗa kai. Ni kuwa kowa ya yi mini magana gyaɗa kai nake yi, har mai tambayar hanya. Shin a dokar kamfaninku, Ranka ya daɗe, gyaɗa kan wadda ba ta taɓa girgiza shi ba yana cikin lissafi?

Na biyu. A ranar mura nake yi. Ina roƙon a rubuta wannan a wani wuri da tarihi zai gani. Ba haka muryata take ba. Da na san za a ji ni a Chile da Sifen da Japan, da na fyace hanci kafin in buɗe baki. Kamfaninku yana da na'urorin da suke gyara muryar yayana har ta hau inda ba ta taɓa hawa ba a bikin ranar haihuwar kowa a gidanmu. Me ya hana a ɗan taɓa tawa? An nuna mini hoton wani mutum a birnin Medellín na Kudancin Amurka da ya sa aka zana masa maganata da allura a damtse. Bara na ci kyautar rubutun insha'i ta makarantarmu a kan kare gaɓar teku, shafi huɗu, babu gogewa ko ɗaya. Har yau ban ji wanda ya zana ko layi ɗaya a jikinsa ba.

Na uku, kuma shi ne mafi tsawo, wato makaranta. Dama ni ba mai ɗaga hannu ba ce. Idan na san amsa, nakan rubuta ta a gefen littafi in jira wani ya faɗa, in yi wa kaina maki. Amma tun da waƙoƙin suka bazu, da Malama Ocasio ta kira sunana, kafin in ja numfashi samarin bayan aji sun toshe hanci sun ce, "Mami ta ce," sauran aji su ƙarasa. Malamar takan buga tebur, amma na sha ganin gefen bakinta yana rawa, tana danne dariya. Shugaban makaranta da kansa ya faɗe ta a lasifika ranar taron ɗalibai don a yi shiru, ya tsaya yana jiran tafi, aka kuma yi masa. Mai sayar da abinci a kantin makaranta ba ta zuba mini shinkafa da wake sai ta ce, "A rage, ko Mami ta ce a ƙara?"

Akwai kuma wani yaro, Gadiel, mai buga ƙwallon kwando. Ba zan ce komai a kansa ba, illa dai na san lokacin da yake wucewa ta gaban ɗakin karatu. Wata rana ya tsaya a gabana ya kira cikakken sunana, har da Pizarro na dangin mahaifiyata. Ya miƙo waya ya ce, "Don Allah ki faɗa mini ita a nan, amma ki sa Gadiel. Ina so in riƙa tashi da ita da safe." Mace mai daraja da ta juya ta tafi. Ni na faɗa masa. Na ma sake faɗa, don na farkon bai fita da kyau ba.

Na huɗu. Abin da ke biyo bayan muryata. Na zauna da niyyar kawo misali daga baitocin, na ga babu layin da zan iya kwafa a takardar da Mami za ta iya karantawa. A coci, Dattijuwa Milagros ta riƙe hannuna bayan sujada ta ce, "'Yata, yarinya mai hankali kamarki, ke ce mai buɗe wa Shaiɗan ƙofa?" Na gyaɗa kai. Sannan akwai waƙar da yake cewa ba shi da kowa, titi ne ya raine shi. Da maƙwabciya ta kawo wa Mami labarin, sai ta ajiye cokali ta ce, "Titin ne yake goge masa kayan makaranta? A ce wa titin ya zo ya ɗauki takalmansa da suka cika mini ƙarƙashin gado."

Na biyar. Ba a taɓa ragewa ba. Ina tsaye a bakin hanya mota za ta wuce, in ji kaina ina roƙo a rage, in ga direba ya kai hannu ya ƙure. Akwai ɗan aike a duniya da aka maimaita saƙonsa haka, aka kuma ƙi aiki da shi haka?

Da ka karanta zuwa nan za ka ce, to ai mun hutar da ita. Malama Brenda ma haka ta ce wa Mami: "Mun ji dama yarinyar ta gaji da abin." Gaskiya ne. Na yi shekaru ina kuka da shi, kuma ranar da ta kira na yi murna har zuwa la'asar.

Sai dai akwai abin da ba ya cikin alƙaluman da ake kawo maka. Mami ba ta sauraron waƙoƙin ɗanta. Ba ta taɓa jin ko ɗaya har ƙarshe ba, ba za ta ji ba kuma. Amma duk ranar da sabuwa ta fito, takan goge hannu a zani ta ce, "Kunna mini." In kunna. Ta ji na kira Joniel, ta ji dariyarsa, ta ji ya ce "To, Yare, na ji." Ganga na shigowa ta ce, "Kashe." Daga nan ta wuni tana waƙar coci a kicin. Na taɓa tambayarta amfanin hakan, ta ce, "Muddin ana kiransa da sunan da na raɗa masa yana amsawa, da sauran ɗana a ciki."

Ba ina cewa yayana ya manta da mu ba. Ya gyara mana rufin gida, yana kuma kira. Amma yakan kira ne ta bidiyo, da baƙin tabarau, mutane a tsaye a bayansa, wani yana taɓa masa kafaɗa yana cewa "Jota, lokaci." A wayar ma Jota ne. Ranar da aka sanar da Mami, ta ce wa Malama Brenda, "To, Allah ya ba da sa'a," ta ajiye wayar, ta ɗauko tukunyar da na riga na wanke ta shiga dirza. Na aika wa Joniel saƙo. Ya amsa da cewa, "Yare, manya ne suka yanke, ba ni ba. Ke da kike kuka da abin? Yanzu kuma me?" Ni amsa takan zo mini bayan kowa ya tashi.

Saboda haka ga buƙatata, cikin dukkan ladabi. Ku bar tambarin yadda yake, da murar da dariyar da komai. Idan dole sai ƙwararriyar ta yi raɗarta, ta yi a tsakiya ko a ƙarshe, inda Mami ba ta kaiwa. Ni kuma a nawa ɓangaren zan hau dandamalin. Ba zan hau don bankwana ba. Idan bankwana ne, ku nemi wata mai toshe hanci, akwai su da yawa a ajinmu. Idan kuwa za a bar shi, zan tsaya a gaban duk wanda ya sayi tikiti in faɗa da ƙarfi, ku ɗauki hoto, ku sayar yadda kuka saba.

Don kada a ɗauka cika baki nake yi, na riga na fara shiri. A gidan burodi na daina nuni da yatsa, yanzu da baki nake faɗin abin da nake so, ko da yake jiya na nemi burodi na dawo da kek saboda ba a ji ni ba kuma na kasa gyarawa. Ina gwaji a baranda a gaban kajin maƙwabta. Ranar Talata na ɗaga hannu a aji karo na farko a rayuwata. Malama Ocasio ta yi mamaki har ta cire tabarau, aji duka ya juyo, ni kuma da na ga idanu sai na nemi izinin zuwa bayan gida. Ƙawata Keishla tana ƙarfafa mini gwiwa da cewa, "Ke dalla, mutum dubu goma sha takwas ne kawai, kuma rabinsu a buge za su zo." Wiso ya ce muryata ta girma, jama'a ba za su yarda ni ce ba. Na yi tunanin wannan ma. Idan saura mako guda, zan riƙa kwanciya da jiƙaƙƙen gashi a ƙarƙashin fanka, ko murar za ta dawo.

Ba zan ɓoye maka ba, Ranka ya daɗe, mai yiwuwa in kai tsakiyar dandamali in ga fitilu in zube. Idan haka ta faru, alkawarina ya cika tun da na hau, naku kuma yana nan a kanku. Ina roƙo kawai a sa wani ya ja mini siket ya rufe gwiwa, saboda 'yan cocinmu za su ga hoton. Makirufo kuwa ba sai na ce a bar shi a kunne ba. Na san aikinku, ko ƙarar faɗuwar tawa za ku sa mata ganga.

Ina jiran amsarka a rubuce. Kada a kira waya, domin ni zan ɗauka.

Taka mai biyayya, da kai a sunkuye da murya ƙasa-ƙasa,

Yarelis Quiñones Pizarro
Aji na sha ɗaya, kujerar kusa da bango
Carolina, Puerto Rico